Sharhi kan butar tace ruwa ta LifeStraw Home da batun burbushin roba

Burbushin roba, wato gutsattsarin leda da robobin da girmansu bai kai milimita 5 ba, ya shiga koguna da ruwan sha, har wani binciken masana a Jamus a 2017 ya lissafa Kwara da Nilu cikin koguna 10 da suka fi kwarara roba zuwa teku. Da wannan fargabar ake tallar butar LifeStraw, wadda kamfanin Vestergaard ya ƙirƙiro bayan ya daɗe yana haɗa matatan da aka yaƙi cutar kurkunu da su.

Ana zuba ruwa ta sama, ya ratsa matata biyu, sannan ya taru a ƙasa. Ta farko siraran zarurruka ne masu ramuka na maikiron 0.2, ga shi kaurin silin gashin mutum kan kai maikiron 70, don haka burbushin roba da ya fi ramukan girma da bakteriya da ƙwayayen tsutsa ba su da hanyar wucewa. Ta biyu gawayi ce mai rage dalma da warin kulorin, kuma ita ce mai gyara ɗanɗanon ruwan famfo. Ruwan yana sauka ne a hankali, sai a cika ta da dare a wayi gari da abin sha.

Sai dai mai saye ya san iyakarta. Wani bincike na Jami'ar Columbia a 2024 ya gano gutsattsari kusan 240,000 a kowace lita ta ruwan gora, akasarinsu ƙasa da maikiron ɗaya, kuma mafi ƙanƙanta a cikinsu za su iya bi ta irin waɗannan ramuka. Ba ta kama bairos, ba kuma don ruwan kogi mai laka aka yi ta ba. Gawayin yana ƙarewa bayan lita 150, zarurrukan kuma bayan lita 1,000, sai a canza su.

A ganina, amfaninta wajen tsare bakteriya ya fi na roba nauyi, domin Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2019 ba a ga babban haɗari daga burbushin ba tukuna. Ta dace da ƙaramin gida mai famfo ko borehol da ke son rage sayen ruwan leda. Gida mai yawan jama'a kuwa zai cinye gawayin cikin 'yan kwanaki.