Bindigar Gado: A Gyara Ta, a Sayi Sabuwa, ko a Miƙa Ta ga Hukuma?

Bayan sadakar bakwai ta kawuna a cikin birni, mun shiga turakarsa domin ƙididdige abin da ya bari, sai muka ci karo da wani dogon ƙunshi a bayan akwatin ƙarfe, an naɗe shi da tsohon rawani wanda mai ya jiƙa har ya rine. Bindigar farautarsa ce mai baki biyu, wadda yaran gidan suka tashi suna jin labarin zabbi da dinyar da ta kayar, amma babu wanda ya taɓa ganin an harba ta. Babban ɗansa ya rungume ta ya ce da ni, "Yaya, wannan kam ni zan riƙe, ko don tunawa da Baba." Na ce masa ya dakata tukuna, domin wanda ya ɗauki bindigar gado ciniki ya yi, kuma ya kamata ya auna ta kamar yadda zai auna wadda zai saya da guminsa.

Dalilin kiran abin ciniki a fili yake. A shari'a bindiga dukiya ce cikin abin da mamaci ya bari, don haka matansa da 'ya'yansa mata suna da haƙƙi a cikinta kamar yadda suke da shi a gida da gona. Ko da marigayin ya taɓa cewa wane ne zai ɗauka, malamai za su tunatar da cewa babu wasiyya ga magaji sai da yardar sauran magada. Abin da ake yi shi ne a yi mata kuɗi, a cire daga rabon wanda ya ɗauka, kuma idan aka tsuga mata farashi saboda ƙauna alhali ƙarfenta ya mutu, shi ne ya yi asara.

Kafin ƙarfe, a fara duba takarda. Dokar bindigogi ta 1959, wadda har yanzu ake aiki da ita, ta kasa makamai gida uku. Akwai haramtattu, irin su bindigogin soja da fistol, waɗanda sai da izinin shugaban ƙasa. Akwai na amfanin kai, inda bindigar farauta mai baki ɗaya ko biyu ta faɗo, kuma lasisinsu yana hannun Sufeto Janar na 'yan sanda. Sai kuma na ɗuri ta baki, wato adaka da 'yan uwanta, waɗanda kwamishinan 'yan sandan jiha yake ba wa izini. Lasisi na mutum ne, ba a gadonsa, kuma dokar ta ba wanda kayan mamaci suke hannunsa damar riƙe bindigar na kwana 14 kacal daga ranar rasuwa. A nan ne mutanenmu suke faɗawa rami ba da sani ba, domin mun saba jinkirta maganar gado har bayan arba'in, wani gidan ma sai a shekara ba a taɓa komai ba. Wanda ya tsinci bindiga a ɗakin mahaifinsa ya nemo littafin lasisin, ya nufi hedikwatar 'yan sanda da ke Bompai ya ba da rahoto, ya kuma tambayi matsayin bayar da sabon lasisi, tun da a 2023 rundunar ta sanar da dakatar da bayar da shi. Amsar da ya samu a can ita ce za ta nuna ko maganar gyara ko sayen sabuwa tana da gurbi.

Idan takarda ta yiwu, sai a koma kan ƙarfen, kuma nan ne ya fi cancantar a ɓata lokaci. Da farko a buɗe ta daga mahaɗarta a tabbatar babu harsashi a ciki, bakinta na kallon inda babu kowa. Adaka kuwa tana iya kwana da ɗurinta shekara da shekaru, saboda haka ba abin da za a ba yaro ya gwada kunamarta ba ne. Daga nan a raba bututun da ƙotar, a juya ƙasansa a karanta tambarin da aka buga. Da yawa daga cikin tsofaffin bindigogin da suka shigo ƙasar nan zamanin Turawa ƙirar Ingila ne, musamman birnin Birmingham, inda akwai gidan gwajin bindigogi tun 1813, kuma sunaye irin su Greener da BSA da Webley & Scott daga can suke. Tambarin da ke ɗauke da haruffan NP ko BNP yana nuna an gwada ta da albarushin zamani. Ƙirar Ingilar da ba ta da shi, ko wadda jikin bututunta yake da zane kamar igiyar da aka murɗa, galibi an ƙera ta ne don baƙin albarushi mai hayaƙi, kuma ɗura mata harsashin yau neman asarar yatsu ne da ido.

Abu na biyu da ake yawan mantawa shi ne tsawon gurbin harsashi. Tsofaffin ƙirar Ingila da yawa gurbinsu milimita 65 ne, alhali harsashin lamba 12 (lambar tana nuna faɗin bakin bindiga ne) da aka fi samu yanzu milimita 70 ne, wani ma 76. Haɗarin shi ne dogon harsashin yana shiga gajeren gurbi lafiya lau, bindigar ta rufe kamar babu komai, domin ana auna tsawon ne bayan bakin harsashin ya buɗe. Sai an harba matsin ya haura abin da aka ƙera ta ta ɗauka. Bayan haka a ɗaga bututun a leƙa ta hasken taga, a nemi ramukan tsatsa da lotsawa da kumburi. A rataye shi a yatsa a ƙwanƙwasa da farce ko ɗan itace: mai lafiya yana amo kamar ƙararrawa, wanda haɗinsa ya saki kuwa sai ya yi ƙara kamar fasasshen kwano. A mayar da shi a girgiza, idan yana motsi a mahaɗarsa da ƙota, ta gaji. Ita ma ƙotar a duba wuyanta, domin hunturun Kano yana tsaga itace, damina kuma tana cin ƙarfe a ɓoye.

Ina roƙon mai karatu, kada ya kai irin wannan bindiga wurin mai walda na bakin titi. Gyaran bindiga sai da izinin hukuma, kuma bututun da aka ɗora wa wuta ba a sake yarda da shi.

Sabuwa fa? Daga cikin sababbin akwai Baikal ta Rasha da ƙire-ƙiren Turkiyya. Sun fi tsohuwar Ingila nauyi da kauri, ba su da kyan sassaƙarta, amma gurbinsu ya dace da harsashin da ke kasuwa, kuma ba a shan wahalar kayan gyaransu. Mai baki ɗaya ta fi araha da sauƙin kulawa, ta kuma ishi mai neman zabo da fakara da zomo. Mai baki biyu tana ba da harbi na biyu nan take, abin da mai bin tsuntsun fadama yake so. A ganina, ga wanda zai riƙa fita daji da gaske, sabuwa mai baki ɗaya daga dillali mai rajista ta fi tsohuwar da ake zargin ƙarfenta, ko da kuwa sunan da ke jikinta ya fi girma. Idan kuma ta gadon lamba 16 ce, wahalar neman harsashinta kaɗai ta isa ta sa a sake tunani.

Ita ma fitar dajin sai an yi mata lissafi. Gari ya cinye gonakin da iyayenmu suke zuwa da yamma, dajin Falgore kuwa gandun da aka keɓe ne, ba wurin farauta ba. Tafiya da bindiga a mota a wannan zamani ba ƙaramin abu ba ne, kuma babu Bakanon da ya manta da mafarauta 16 da aka kashe a Uromi ta jihar Edo a watan Maris na 2025 suna kan hanyar dawowa gida yin salla. Sannan gidan da yara suke yana buƙatar akwati mai makulli, harsashi kuma a wani wuri dabam.

Masu cewa za su rataye ta a falo don ado kawai su sani cewa dokar ta lissafa har sassan bindiga a matsayin bindiga, don haka "ai ba ta harbi" ba hujja ba ce a gaban alƙali. Wanda ba zai yi farauta ba yana iya miƙa ta ga 'yan sanda, ya karɓi takardar shaida mai ɗauke da lambar jikinta, ya adana.

Ta kawuna dai da aka auna, gurbinta 65 ne, bututun hagu kuma ya kumbura kamar taƙi ɗaya daga baki. Magada suka yarda ba za a lissafa ta da ko sisi a rabon kowa ba, muka kai ta muka karɓo takarda. Ɗan nasa ya riƙe jakar fatar da marigayin yake zuba harsashi, da littafin lasisin mai hotonsa yana saurayi sanye da dara.