Boris Godunov a fim: na 1954 ko na 1989?

Ɗan'uwa, ka tambaye ni wanne za ka saya tsakanin fim ɗin 1954 da na 1989 na Boris Godunov, opera (wasan kwaikwayon da ake rerawa da kiɗa) ta mawallafin kiɗa na Rasha Mussorgsky; na Vera Stroyeva na 1954 nake ba ka shawara ka saya, kuma dukansu ina da faifansu.

An shirya shi a Mosfilm, kamfanin fim na Mosko, da mawaƙan gidan wasan Bolshoi na Mosko. Alexander Pirogov ne ya fito a Boris, sarkin da ya mulki Rasha daga 1598 zuwa 1605, wanda jama'a suka zarga da kashe yarima Dmitry. Wurin da ya fi ratsa ni shi ne fitowar Ivan Kozlovsky a matsayin taɓaɓɓen bawan Allah a bakin majami'a, inda yara suka ƙwace masa ɗan kwabonsa, sai ya roƙi sarki a gaban talakawa masu kukan yunwa da ya sa a yanka yaran kamar yadda ya yanka yarima. Boris ya hana dogarai taɓa shi, ya nemi ya yi masa addu'a, shi kuwa ya ƙi. Na kalli wurin tare da mahaifina, wanda ba ya jin Rashanci ko kaɗan, amma da na bayyana masa abin da ke faruwa sai ya sa na mayar da shi baya, ya sake saurara bai ce uffan ba har muryar ta ƙare. Ka sani dai an taƙaita opera ɗin, tsarin kiɗan na Rimsky-Korsakov ne, wanda ya yi wa aikin Mussorgsky gyare-gyare, sautin kuma na zamaninsa ne.

Na Andrzej Zulawski na 1989 kuwa, muryar Ruggero Raimondi, wanda ya fito a Boris, ba ta da laifi, sai dai hayaniya da tsiraici sun yi yawa, har Rostropovich da ya jagoranci makaɗan ya kai ƙara kotu a Faransa. Ba na sake ɗauko shi.

Ka yi hattara da masu sayarwa a intanet, domin wasunsu kan turo fim ɗin Sergei Bondarchuk na 1986, wanda sunansu ɗaya amma wasan kwaikwayon marubucin Rasha Pushkin ne, ba a rera opera a cikinsa. Kafin ka biya, ka nemi hoton bayan kwalin, ka ga sunan Pirogov da shekarar 1954, ka kuma tabbatar akwai rubutacciyar fassara a ƙasan allo.