Janareto, inbata ko sola: wanne ya dace da gidanka a Jos?

Dattawan Jos har yanzu suna ba da labarin wutar NESCO, kamfanin da tun 1929 yake samar da lantarki daga ruwa, kamar na Kurra, domin masu haƙar kuza. Yau kuwa mai gida a Unguwar Rogo ko Bukuru kullum lissafinsa ɗaya ne: idan an ɗauke wuta, da me za a kwana? Lissafin ya ƙara tsanani tun ranar 29 ga Mayu 2023 da aka cire tallafin man fetur, sannan a Afrilu 2024 hukumar kula da lantarki ta ƙasa, NERC, ta ɗaga kuɗin wutar rukunin A, wato layukan da suka fi samun wuta, zuwa naira 225 kowane yunit.

Janareto ba ya buƙatar dogon bayani. Shi ne mafi arha ranar saye, mafi tsada a sauran kwanakin: mai, baƙin mai, fulogi, makaniki, ga ƙara, ga hayaƙin da ke kashe mutane idan aka kunna shi cikin ɗaki ko lungu marar iska. Mai walda ko mai injin niƙa ba shi da makawa. Amma gidan da buƙatarsa ƙwan lantarki, talabijin, firji da cajin waya ce, ƙona kuɗi kawai yake yi.

Inbata da baturi babu sola yana da kyau ne kawai idan layinku na samun wuta sa'o'i da dama kullum, domin ajiya yake yi, ba ya haifar da wutar kansa. Taransufoma ta lalace mako guda, shi ke nan, ya zama akwatin ado. Wanda kuɗinsa bai kai na sola ba ya sayi inbata irin wanda ke karɓar farantan sola, ya ƙara su daga baya.

Inda kuɗin yake, inda kuma ake cin kasuwar mutane, shi ne baturi. Mai ruwa, dogon nan mai lamba 200 da ƙarfin bolt 12, yana ɗaukar abin da ya kai yunit 2.4, amma rabi ne naka. Ka riƙa tatse shi ƙarƙaf, ba zai yi shekara biyu ba. Yana son a riƙa duba ruwansa, kuma ruwan baturi na ainihi, ba na rijiya ba. Na litiyam ya fi tsada nesa ba kusa ba, sai dai za ka sha kashi 80 cikin 100 na abin da ke cikinsa ko fiye, ba ruwanka da ƙarin ruwa, kuma yana jure caji sau dubbai. A ganina mai hali ya rufe ido ya sayi litiyam sau ɗaya. Dalilina kuwa dala ce. Kusan duk kayan nan daga waje ake shigo da su, galibi daga Sin, kuma tun da aka saki naira a Yunin 2023 kowa ya ga yadda farashi ke tashi dare ɗaya. Baturin da za ka sake saye bayan shekara biyu, ba ka san a nawa za ka same shi ba. Na hannu kuwa, ko mai shago ya rantse, a bar masa kayansa, tunda ido ba ya ganin cikin baturi.

Ka yi lissafi kafin ka taka kasuwar Taminus. Ƙwai 6 masu wat 10, talabijin mai wat 80 da fanka 2 masu wat 60, jimilla wat 260 ke nan. Na sa'o'i 6, kusan yunit ɗaya da rabi, tunda wat 1,000 na sa'a guda shi ne yunit ɗaya. Baturi mai ruwa guda ɗaya ba zai ɗauka ba, sai biyu, tun ba a sa firji ba. Dutsen guga da hitar ruwan wanka, abokiyar kowane ɗan Jos a watan Disamba, a jira Nepa da su ko a dafa ruwa a gas.

Sanyin garin nan alheri ne ga sola. Faranti ya fi ba da wuta idan bai yi zafi ba, kuma ba ma fama da na'urar sanyaya ɗaki kamar mutanen Abuja. Matsalarmu Yuli da Agusta ce, lokacin da hadari ke rufe rana kwana da kwanaki, saboda haka a auna yawan faranti da damina, ba da rani ba. Lokacin hunturu kuma a riƙa wanke ƙura da sassafe.

Ka tambayi mai haɗawa ko na'urar cajin baturin da zai sa maka irin wadda ake kira MPPT ce, don ta fi ɗaya irin, PWM, tatso wuta daga faranti. Ka nemi takardar garanti mai lambar kayan a jiki. Kada kuma ka biya shi cikon kuɗinsa sai ka ga ya binne ƙarfen kariya daga tsawa, ya haɗa wayarsa a gabanka, domin aradun Filato ba ta san nawa ka kashe ba.