Kumburin maɗaciya: a sa roba ko a cire maɗaciyar?

A zangon Kumasi, da an ce tiyata sai dangi su fara roƙon likita ya nemi wata hanya. Akwai ta kuwa: a huda fata, a zura siririyar roba cikin maɗaciya ta janye ruwa da mugunya, ba sai an sa mutum barci ba. Dattijo mai ciwon zuciya da aka kai asibitin Komfo Anokye a galabaice, wannan na iya fi masa.

Amma duwatsun da suka toshe maɗaciyar suna nan, robar kuma sai ta yi makonni a jiki. Wani bincike a Holan a 2018 ya nuna ciwon ya dawo wa fiye da rabin waɗanda aka sa wa roba. Wanda jikinsa zai ɗauki tiyata, gara a cire masa maɗaciyar da wuri.