Koren dutse ko faifan daimon: wanne ya dace da haƙoran zarton inji?

Ɗan'uwanmu kafinta daga Kasuwar Katako ta Jos ya ce zarton injinsa mai haƙoran kabayid ya fara ƙona katako, yana tambaya ko ya wasa shi da koren dutse (dutsen giranda mai launin kore) ko ya nemi faifan daimon (faifan wasi mai ɓarɓashin lu'ulu'u).

Malam, kafin komai ka cire zarton ka wanke shi da kananzir da buroshi. Sau tari danƙon itace ne ya daskare a jikin haƙoran, ba dakushewa ba. In ka wanke har yanzu yana barin baƙin tabo a gefen katako, yana nishi, to wasi ya zama dole.

Waɗannan haƙoran ba ƙarfe ba ne irin na jikin zarton. Kabayid ne, wato garin ma'adinin tungsten mai haɗe da kabon, aka cakuɗa shi da ma'adinin kobalt, aka liƙa su ɗaya bayan ɗaya. Shi ya sa magagari ke zamewa a kansu, dutsen giranda na yau da kullum kuma sai dai ya ɗumama su kawai.

Koren dutse yana ci, kuma ya fi araha. Amma a ma'aunin tauri na Mohs, kabayid na wajen 9, koren dutse ɗan sama da haka kaɗan, don haka suna cin juna ne. Dutsen na zaizayewa, bakin haƙorin na fitowa da ƙananan giɓi, zafi na taruwa. Na taɓa riƙe wani zarto da aka wasa haka, na duba shi a hasken rana: haƙori uku sun tsage kamar gashi, saboda mai wasin ya tsoma shi a ruwa da zafinsa. Abin ya dame ni, don zarton mai kyau ne. Ga bakin dirila ta huda kankare, koren dutse ya wadatar.

Daimon kuwa 10 ne, yana yanka kabayid a tsanake, ya bar baki sumul. Tsadarsa ta ranar saye ce, yana daɗewa. Sai dai kada ka bari ya riƙa cin ƙarfen jikin zarton, ƙarfe na lalata daimon.

Ni dai daimon zan ce maka. Ka sa alli a haƙorin farko, ka taɓa fuskar kowane haƙori kaɗan, adadi ɗaya, kusurwa ɗaya. Kada ka taɓa gefe, in faɗin haƙori ya ragu zarton zai riƙa maƙalewa a katako. Haƙorin da ya tsage ko ya girgiɗe a canza shi, don yana iya fizgewa inji na gudu.

Ka sa takunkumi da tabarau, kai da yaran shagonka. Ƙurar nan akwai kobalt a ciki, tana illa ga huhu.