Garejin wankin tankin mai a Ƙofar Ruwa: sun iya gano cuta, amma suna gaggawar shanya

Yawancin bakanikai da sun ji tsohuwar mota tana fizga, ko tana shaƙewa a hawan gadar sama, sai su ce famfon mai ya mutu, a sayo sabo. Wani ƙaramin gareji a gefen kasuwar Ƙofar Ruwa da ke Kano ba haka yake aiki ba, shi ya sa ya cancanci a yi maganarsa.

Sukan fara cire kan batir, su zuƙo kamar rabin lita daga ƙasan tanki zuwa farar kwalba, su bar ta minti 10. Ruwa ya fi fetur nauyi, don haka yakan kwanta a ƙasa, ka ga layinsa ƙarara. Lakar da ta kwanta kuma sai su kara mata mayen ƙarfe. In ta bi shi, tsatsa ce; in ta ƙi, yashi ne ko ƙurar hunturu da ta shiga ta murfin da robarsa ta tsage. Wannan bambancin shi ne aikin. Tankin Fijo 504 ƙarfe ne, yana cin kansa daga ciki, musamman motar da kullum ake bari da ɗan mai, raɓa tana taruwa a bangon. Na Golf 3 kuwa roba ne, ba ya tsatsa, to dattin daga waje ya zo, galibi jarkar 'yan bumburutu. Man da ya daɗe a ajiye warin fenti yake yi, yana barin danƙo a kafireta.

Sannan su tsaga tsohuwar filta a gabanka, su duba rariyar bakin famfo. In rariyar ta toshe, famfon yakan yi ta kuka yana zafi, ko da kuwa lafiyarsa ƙalau. Fitilar hannu suke leƙa tanki da ita, kuma ba sa yarda a yi walda kusa.

Inda suka gaza shi ne bayan wanki. Da ruwa da omo suke yi, kuma in layi ya yi tsawo sukan mayar da tanki bai gama bushewa ba, alhali danshin nan ne ke dawo da tsatsa. Ka ce a hura masa iska, ya wuni a rana. Bututun mai ma ba sa hure shi sai ka nema, kuma a sa sabuwar filta kafin a tada mota. Ku gama ciniki kafin a sauke tanki.