Gargaɗi kan masu tallar “Umara mai sauƙi”: haka kuɗin rufin ɗakin mahaifiyarmu ya salwanta

Assalamu alaikum jama'a. Na daɗe ina juya maganar nan a raina, kunya tana hana ni faɗa. Abin da ya sa na daure yau shi ne, shekaranjiya wata abokiyar aikina ta turo min wata talla ta Umarar azumi, ina buɗewa na ga hotunan da aka yaudare mu da su, har da hoton ɗakin otal mai jan labule. Sunan kamfanin ne kawai ya canza, da lambar waya. Ba zan kama suna ba, domin maganarmu tana hannun hukuma, kuma sunan ma ba shi da amfani tunda kamar riga suke canza shi. Yadda suke aikin nake so ku gane.

Mu huɗu ne wajen mahaifiyarmu. Gidan da Baba ya bari a cikin birnin Kano tsohon gini ne, kuma daminar 2024 ta tona masa asiri. Kwanon ɗakin Umma ya yi tsatsa, silin ya kumbura ya yi taswira, in hadari ya haɗo sai an jera bokiti biyu da roba a tsakar ɗaki. Muka yi shawara kowa ya riƙa kawo abin da ya samu. Kafinta ya zo ya hau sama ya duba, ya ce katakon ma gara ta cinye, sai an sauke rufin gaba ɗaya. Ya rubuto mana lissafi: bandir na kwano, katako, ƙusa, silin, buhunan siminti na gyaran filasta, da tayel na banɗaki saboda Umma ta taɓa zamewa. Zuwa watan Oktoba mun tara naira miliyan 2.6, muna jiran ruwa ya ɗauke a fara aiki.

A daidai lokacin ne matar kawunmu ta dawo daga Umara. Muka je yi mata sannu da zuwa, tana raba dabino da zamzam a ƙananan kofuna, tana ba da labarin wani Alhaji mai kamfanin tafiye-tafiye da ya kai su a farashin da ba a taɓa ji ba. Na lura da Umma. Ba ta ce komai ba, ta dai riƙe kofin zamzam ɗin da hannu biyu ta daɗe ba ta sha ba. A hanyar gida, a cikin adaidaita, ta ce da ni a hankali, “Ni dai ko ban yi Hajji ba, Allah Ya nuna min ɗakin nan da idona kafin ƙafafuna su gama ƙi.” Shekarunta sun haura saba'in. Daren nan na kira Yaya na ce rufi zai iya jira, rani ne ke tafe. Ni na kawo shawarar, ba zan ɗora wa kowa ba.

Ni malamar makaranta ce, hutun Disamba shi ne damar da nake da ita ta raka ta. Kamfanoni biyu da muka tambaya a gari duk sun haura miliyan 3 kowane mutum. Shi wannan ya ce miliyan 1.9, har da biza, tikitin zuwa da dawowa, kwana goma sha huɗu, otal a titin Ibrahim Khalil “taku kaɗan zuwa Harami”, masauki a Markaziyya a Madina, da jirgin ƙasa na Haramain tsakanin biranen biyu. Da na tambaye shi dalilin wannan rangwame, ya yi murmushi ya ce wani attajiri ne da ba ya so a ambace shi yake cike gurbin saboda Allah, musamman ga tsofaffi da zawarawa. Yana magana carbi na yawo a hannunsa. Umma kuwa “Hajiyarmu” yake ce mata, har da durƙusawa.

Da na zauna na yi lissafi a ranar, da ban kai ga wannan rubutu ba. Riyal ɗin Saudiyya a ɗaure yake da dala, riyal 3.75 dala ɗaya. Tun da aka saki naira a watan Yunin 2023 dala ke hawa, a ƙarshen 2024 ta haura naira 1,500, wato riyal guda ya kai naira 400 ko fiye. Otal da riyal ake biya, biza da mota ma haka, tikiti kuma da dala ake auna shi. Babu wani ejan a Kano ko Kaduna da ke da ikon rage wa otal na kusa da Harami farashi a watan Disamba, lokacin da duniya duk ke hutu kuma sanyi ya sauka a Makka. Araha ba ta ado, mun sani tun muna yara, amma da aka lulluɓe ta da sunan ɗakin Allah sai muka manta.

Ofishin nasa shago biyu ne a saman wani bene, da na'urar sanyaya ɗaki, da babban hoton Ka'aba, da takarda a cikin firam a bango. Na duba takardar, ta CAC ce, hukumar yi wa kamfanoni rajista, hankalina ya kwanta. Daga baya na fahimci cewa wannan takarda ba ta nuna komai illa an yi wa suna rajista. Mai sayar da kaji ma yana da irinta. Lasisin jigilar maniyyata Hajji da Umara a hannun Hukumar Alhazai ta Ƙasa yake, wato NAHCON, wadda aka kafa da doka a 2006, kuma tana fitar da jerin kamfanonin da ta ba wa lasisi. Akwai kuma ƙungiyar masu wannan sana'a, AHUON, da za a iya tambaya. Mutuminmu ba ya cikin ko ɗaya. Ban tambaya ba, saboda matar kawuna ta je ta dawo, na ga hotunanta a gaban Ka'aba da idona.

Wannan shi ne ƙugiyar, kuma a nan nake so ku tsaya. Mutumin yana kai mutane da gaske, amma kaɗan. Ya ɗauki biyar ko shida a farkon kaka ya kai su a kan asara, ya zaɓi masu yawan dangi da masu baki a unguwa da makarantun Islamiyya. Su dawo suna yabonsa da zuciya ɗaya, ba tare da sun san su ne tallar ba. Sai mutum arba'in su kawo kuɗi. Da kuɗin na baya ake kai na gaba, kamar adashin da uwar adashi ta riga ta yi niyyar gudu. Matar kawuna ba ta ci ko kwabo ba, yau ko gaisawa muka yi sai ta sunkuyar da kai, abin tausayi.

Mun biya kashi uku. Miliyan 1 kowannenmu na “kama kujera”, sannan cikon don a fitar da biza, sai kuma ƙarin naira 150,000 kowa wai riyal ya tashi. Na haɗa da kwasar adashina da 'yan kunnen gwal ɗina. Duk kuɗin nan asusun mutum muka tura, ba na kamfani ba, a ɗaya daga bankunan nan na waya, kuma sunan da ya fito ba nasa ba ne. Ya ce akawunsa ne. Rasit kuwa na hannu ne, irin wanda ake bugawa a kowace kasuwa. Ya kuma karɓi fasfo ɗinmu, sababbi fil da muka biya naira 50,000 kowanne, ya ce za su zauna wajensa har ranar tashi.

Mako biyu kafin tafiya ya turo takardu ta WhatsApp. Ga biza da hoton Umma, ga takardar jirgi da sunayenmu da ranar tashi daga filin jirgin Malam Aminu Kano. Ƙanena, wanda shi ne ɗan bokon waya a gidanmu, ya shiga shafin kamfanin jirgin ya sa lambar nan mai harufa shida, sai ga sunan Umma ya fito. Muka yi ta hamdala. Umma ta sa aka ɗinka mata fararen hijabai uku, ta bi gidajen maƙwabta tana neman gafara, mata suna ba ta saƙon addu'a.

Abin da ba mu sani ba, bukin daban, tikiti daban. Ejan na iya riƙe kujera da sunanka ba tare da ya biya ko sisi ba, lambar ta yi aiki na ɗan lokaci, in wa'adi ya cika ba a biya ba kamfanin jirgi ya soke ta da kansa. Tikitin da aka biya yana da lamba mai alƙaluma 13, ukun farko na kamfanin jirgin ne: na Saudia da 065 yake farawa, na EgyptAir da 077, na Ethiopian da 071. Takardarmu ba ta da wannan lamba ko kaɗan. Da mun kira ofishin kamfanin jirgin mun ce, “An biya tikitin nan ko riƙe shi kawai aka yi?” da minti biyu sun ishe mu.

Asirin ya tonu ne ta hanyar Rauda, wurin nan mai falala a Masallacin Annabi a Madina. Umma ta ce babban burinta ta yi raka'a biyu a can, kuma yanzu sai da izini ta manhajar Nusuk ake shiga. Ƙanena ya zauna a kan tabarma bayan sallar isha'i, ya sauke manhajar, ya sa lambar fasfo da lambar biza. Ta ƙi. Ya sake, ta ƙi. Ya ce wataƙila intanet ne, ya fita ƙofar gida ya gwada. Sai ya shiga shafin ma'aikatar harkokin wajen Saudiyya inda ake duba biza, babu mu babu alamarmu. Ya koma shafin jirgi, bukin ɗin ma ya ɓace. Ya dawo ya tsaya a bakin ƙofa ya ce, “Yaya, zo mana,” da wata murya da ban san shi da ita ba. Bizar ta wani ce aka goge suna da hoto aka liƙa namu. Da muka ƙara girman hoton har ana ganin rubutun sunan bai yi daidai da sauran ba.

Na kira Alhajin a daren. Bai ko girgiza ba. Ya ce na'urar Saudiyya ce ke da matsala, kowa ma haka yake gani, in yi haƙuri kada shaiɗan ya shiga tsakani. Washegari ya ce an ɗaga tashi da kwana huɗu. Bayan kwana huɗu ya ce yana Abuja wajen ofishin jakadanci. Daga nan waya a kashe. Da muka je ofis mun tarar da mutane sun fi ashirin a kan matakala, ƙofa da kwaɗo, an cire allon suna. Akwai wani dattijo daga ƙauye da ya sayar da shanu biyu, yana zaune da jakarsa a gefe don shi ranar aka ce masa za a tashi. Mai benen ya ce hayar wata shida kawai aka biya.

Mun kai ƙara wajen 'yan sanda, mun rubuta koke ga EFCC mu da sauran, mun kuma sanar da NAHCON. Bankinmu ya ce da a ranar da muka tura kuɗin muka kawo ƙorafi da akwai ɗan fata, amma an riga an kwashe an rarraba. A nan ma akwai abin lura: in kun ga alamar an cuce ku, ku garzaya banki da ofishin 'yan sanda a ranar, kada ku tsaya sauraron “gobe in sha Allah”. Mu mun ɓata kusan mako guda muna jin kunyar zargin mai carbi. Fasfo dai Allah Ya taimake mu, an same su a cikin wata jakar Ghana-mas-go da aka fasa ofishin, sun fi talatin an ɗaure da roba. Wasu ba su ga nasu ba har yau.

Wata baiwar Allah a cikinmu ta ce min tun farko ta so ta nemi lambar lasisi, mijinta ya ce ai rashin kunya ne a titsiye mutumin kirki a kan aikin lada. Ni kuma a ganina kamfanin gaskiya ba ya jin haushin tambaya. Na gwada daga baya, na shiga wani ofishi na ce a nuna min lasisin NAHCON na bana, sakataren ya miƙo min ko ɗaga kai bai yi ba, ya ƙara da sunan otal ɗinsu da lambar wayar otal ɗin, ya ce in kira in tabbatar. Asusunsu da sunan kamfani yake, kuma akwai yarjejeniya a rubuce da ta faɗi abin da za a mayar maka in biza ba ta fito ba. Namu kuwa da na ce ya faɗi sunan otal cewa ya yi “sai an isa ake rabawa”.

Sabuwar tallar da na gani tana yawo ne a zaurukan WhatsApp na mata da kuma Facebook. Tana cewa goman ƙarshe na azumi, kujeru bakwai suka rage, a biya rabi kafin Juma'a, akwai tallafin wani bawan Allah ga iyaye mata. Goman ƙarshe, lokacin da ɗakin kusa da Harami ya fi tsada a duk shekara! In ta iso gare ku, ko ta hannun 'yar uwar da kuka yarda da ita ce, ku nemi lambar lasisi ku duba da kanku, ku ga biza a shafin Saudiyya da tikiti mai alƙaluma 13 kafin ku cika kuɗi. Ku tura wa iyayenku da ke zaurukan Islamiyya wannan, su aka fi nema.

Umma ba ta taɓa yi min faɗa a kan maganar ba, ko sau ɗaya. Cewa ta yi kiran ne bai zo ba. Hijaban nan uku suna cikin akwati a saman sif, ta sa an rufe shi da leda saboda wajen yana ɗiga. Kafinta ya sake zuwa makon jiya, ya ce lissafin wancan karon ya tashi aiki, sai ya rubuto sabo.